Mai son rock da ke neman ƙofar shiga metal

Tambaya: Salamu alaikum, Yaya. Ni ɗan Aboabo ne a nan Kumasi, ina gyaran waya a Adum. Na daɗe ina jin ƙungiyoyin kiɗan rock irin su AC/DC da Guns N' Roses da Led Zeppelin. Kwanaki wani abokina ya turo mini waƙar metal, ban ji komai ba sai ihu da gurnani, na kashe. Shin duk haka kiɗan yake? Da su wa zan fara? Kuma na ɗan tara kuɗi, lasifikar Bluetooth zan saya ko abin ji na kunne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokinka ya jefa ka tsakiyar kogi ne tun ba ka koyi iyo ba. Ga alama death metal ya turo maka, wanda reshe ɗaya ne kawai na metal, wato kiɗan rock mai nauyi da tsanani, kuma ya yi nisa da inda kake tsaye. Kunnen da ya saba da Led Zeppelin ya riga ya ci rabin tafiya.

Fara da Black Sabbath. 'Yan birnin Birmingham ne na Ingila, sun haɗu a 1968, kuma kundinsu Paranoid na 1970 shi ne inda zan so ka tsaya mako guda cur. Makaɗin jitarsu, Tony Iommi, injin masana'anta ya cire masa kan yatsu biyu yana saurayi. Maimakon ya ajiye jita, sai ya yi wa yatsun 'yan huluna, ya koma amfani da tsirkiya marasa kauri, daga baya ya sassauta su don rage zafi. Sassaucin nan ya ƙara wa sautin nauyi da zurfi, kuma a kan wannan nauyin aka gina kusan duk abin da ya biyo baya. Kiɗansu ba gudu yake ba, tafiya yake da ƙasaita, don haka za ka ji kowace jita da kowane bugun ganga.

Tunda kana son AC/DC, Judas Priest za su shige ka nan take, musamman kundinsu British Steel na 1980: waƙoƙi gajeru, amshi mai kama baki. Motörhead ma haka, sai dai sun fi kaushi.

Ni dai Iron Maiden ce ta fi kwanta mini a rai. Steve Harris ya kafa ta a Landan a 1975, kuma jitarsa ta bes, wato mai kaurin sauti, tana sukuwa kamar doki. Waƙoƙinsu cike suke da tarihi da labaran yaƙi, mawaƙinsu Bruce Dickinson kuma rera waƙa yake yi da murya buɗaɗɗiya, babu gurnani. Nemi kundinsu Powerslave na 1984. Metallica kuwa ka shiga ta kundinsu na 1991 mai baƙin bango, in ya zauna sai ka koma Master of Puppets na 1986, wanda ya fi sauri da tsanani.

Kada ka ɗauka kayan Turawa ne zalla. Maƙwabtanmu a Lome suna da Arka'n Asrafokor, masu haɗa metal da gangunan gargajiya da harshen Ewe. Botswana ma tana da Skinflint da Overthrust.

Wata magana da ba zan ɓoye maka ba: wasu ƙungiyoyin suna wasa da hotunan shaiɗan da kalaman da Musulmi ba zai so su a bakinsa ba. Karanta baitukan kafin ka haddace su. Wanda zuciyarka ta ƙi, ka bar shi, akwai isassu da ba ruwansu da wannan.

Batun saye, abin ji mai rufe kunne gaba ɗaya za ka saya. Ƙaramar lasifika tana haɗiye bes, ta cakuɗa jita biyu su zama hayaniya, ga kuma maƙwabta a gidan haya. Kai ɗan Adum ne, ka fi ni sanin jabu, don haka tafi da wayarka ka gwada da waƙar da ka sani sosai kafin ka biya. Mai igiya ya fi mara igiya sauti idan kuɗinsu ɗaya. Ragowar kuɗin ka zuba a data, ka nemi kundi sukutum a manhajar Spotify, ka ji shi daga farko zuwa ƙarshe. Kuma ka riƙa rage ƙara, domin jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. In ka gama da Paranoid, ka rubuto mini waƙar da ta fi kama ka, daga nan zan san inda zan tura ka.