Rufin Asiri ko Rufa-rufa? Amsar Tambayoyi kan Hotunan Abu Ghraib

Wani mai fassarar labarai ya aiko da tambaya: "Malam, gwamnatin Amurka ta ƙi sakin hotunan fursunonin da sojojinta suka wulaƙanta a Iraƙi da Afghanistan, ta ce don tsaron rayukan dakarunta ne. Rufin asiri zan kira wannan, ko rufa-rufa?"

Malam, kalmomin biyu tushensu ɗaya, wato rufe, amma ba sa cin tuwo a kwano ɗaya. Sirri da asiri duka daga Larabci muka aro su. Rufin asiri alheri ne da ake yi wa mai rauni. Maƙwabcin da ya aika da kwanon masara gidan da ba a ɗora tukunya ba, cikin dare don kada a gani, ya rufa asiri. Shi ya sa muke addu'ar Allah ya rufa asiri. Rufa-rufa kuwa mai laifi ke yin ta, ko wanda ke kare shi, kuma maimaicin da ke cikin kalmar yana nuna ana ta rufewa nan yana buɗewa can. Kafin ka zaɓi ɗaya, tambayi kanka: wa ake rufa wa?

A shari'ar da aka yi kan sakin hotunan, ciki har da na Abu Ghraib, gidan yarin da ke kusa da Bagadaza inda sojojin Amurka suka wulaƙanta fursunoni, an kawo hujjoji biyu, kowace da kalmar da ta dace da ita. Ta farko, gwamnati ta ce sakin hotunan zai tozarta fursunonin, alhali Yarjejeniyar Geneva ta 1949 ta hana a mai da fursuna abin kallo. Wannan rufin asiri ne na gaske, domin mutanen da ke cikin hotunan an tuɓe su tsirara, an sa musu buhu a ka, suna kuma da iyalai. Sai dai kotu ta nuna hanya mai sauƙi: a shafe fuskoki da duk alamar da za a gane mutum, a saki sauran. Haka Alƙali Alvin Hellerstein na New York ya yanke a 2005 a ƙarar da ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta Amurka, ACLU, ta shigar, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da wannan matsayi a 2008. Da zarar an shafe fuska, asirin wanda aka zalunta ya rufu. Abin da ya rage a hoton aikin azzalumi ne.

Hujja ta biyu ita ce tsaron dakaru. A watan Mayun 2009 Shugaba Obama, wanda gwamnatinsa ta amince da sakin hotunan da farko, ya janye, ya ce za su hura wutar ƙin Amurka su jefa sojoji cikin haɗari. Ba na raina wannan magana. Sojan da ke sintiri a Bagadaza, wanda bai taɓa taka Abu Ghraib ba, ransa rai ne, kuma tura ta kai bango a lokacin. Amma dubi yadda abin ya kasance. A ƙarshen 2009 majalisa ta yi doka ta bai wa sakataren tsaro ikon killace hotunan na shekara 3, da damar sabuntawa. Robert Gates ya sa hannu a 2009, Leon Panetta ya sabunta a 2012, Ashton Carter a 2015. A watan Fabrairun 2016 aka saki 198 cikin kusan 2,000, galibi hotunan ƙujewa da tabo da aka ɗauka daga kusa. Matakin da aka ɗauka don haɗarin wani lokaci, aka yi ta sabunta shi ana rufe hotuna a dunƙule, ya fi kama da rufa-rufa a ma'aunin Hausa. A labari dai, ka rubuta "ta ƙi sakin hotunan" ko "ta killace su", ka jingina hujjar ga mai ita. Ka bar rufa-rufa ga sharhi, ko ga bakin wanda ya faɗe ta, domin kalmar hukunci ce.

Wata malamar makaranta ta ce: "Wane karin magana ya dace? Ɗalibaina sun rabu tsakanin 'ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba' da 'ranar wanka ba a ɓoyon cibi'."

Malama, na farkon horo ne ga mutum ya iya riƙe amanar magana, kamar sirrin aure ko na aboki, har da sirrin inda dakaru za su bi gobe. Ba a yi shi don ɓoye ta'asa ba. Na biyun ya fi kusa, tunda gaban alƙali ranar wanka ce. Amma wanda ya fi zama daram shi ne "gani ya kori ji". Tun 2003 ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam ke kuka kan gidajen yarin Iraƙi, a Janairun 2004 ma rundunar sojan Amurka ta sanar da cewa tana bincike, duniya ba ta motsa ba. Sai ranar 28 ga Afrilun 2004 da tashar talabijin ta CBS a Amurka ta nuna wasu daga cikin hotunan Abu Ghraib. Daga baya aka hukunta sojoji 11, Charles Graner ya sami ɗaurin shekara 10, Lynndie England 3. Masu son a saki sauran da masu son a ɓoye duk sun yarda da ƙarfin gani. A kan abin da zai biyo bayan ganin suka saɓa.

Mai tambayar farko ya ƙara da batun cin zarafi da azabtarwa. Cin zarafi faffaɗa ne, ya haɗa zagi, mari da tozartawa. Azabtarwa daga azaba take, kuma a dokar duniya, bisa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1984, tana nufin jami'i ya ɗanɗana wa mutum tsananin ciwo na jiki ko na zuciya da gangan, don tatsar bayani, horo ko tsoratarwa. Donald Rumsfeld, sakataren tsaron Amurka na lokacin, ya fi son kalmar farko a 2004. Idan maganarsa kake fassarawa, bi shi. Idan kana bayanin mutumin da aka tsayar a kan akwati da wayoyi a yatsunsa, aka ce masa lantarki zai ja shi in ya faɗo, azabtarwa ce.

Ka kuma yi hattara da "fursunonin yaƙi". Yawancin waɗanda aka tsare a can fararen hula ne da aka kwaso a samame. Rahoton Red Cross na 2004 ya ruwaito jami'an leƙen asirin soja suna ƙiyasta cewa kashi 70 zuwa 90 cikin 100 an kama su ne bisa kuskure. "Waɗanda ake tsare da su" ya fi daidai.

Shi kuwa Joseph Darby, sojan da ya miƙa faifan hotunan ga masu bincike a Janairun 2004, kada a kira shi mai tonon silili, domin wannan kalma ta mai neman kunyata wani ce saboda ƙiyayya. Mai kwarmata bayani ko mai fallasa ta'asa ya dace da shi. An yi masa alkawarin ɓoye sunansa, sai Rumsfeld ya ambace shi a gaban majalisa ana nunawa a talabijin, har ta kai aka sa shi da matarsa ƙarƙashin kariyar soja.