Me ya sa kwantrol ke min faɗa in na yi magana a oba-oba?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni sabon kurtun ɗan sanda ne, wata huɗu kenan da fitowata daga kwaleji aka sa ni a motar sintiri. Damuwata ita ce duk sanda na kira kwantrol, wato ɗakin da ke karɓar kiranmu yana ba da umarni, a oba-oba sai mutumin ya ce in taƙaita, ranar nan ma tsawa ya daka min kowa na ji, alhali ni bayani nake masa dalla-dalla don kar a ce na ɓoye wani abu. Wulaƙanci ne ko ni ne ban iya ba? Kuma tunda kowa da wayarsa a aljihu, me zai hana mu riƙa kiran juna kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi wa aikin albarka ya tsare ka. Na yi shekaru a kan kujerar nan ta kwantrol kafin in yi ritaya, to bari in gaya maka abin da mutumin yake ji a kunnensa wanda kai ba ka ji. Tsawar dai bai kyauta ba, mai kwantrol shi ya fi kowa bukatar sanyin murya, amma abin da ya sa shi yinta gaskiya ne.

Oba-oba ba kamar waya ba ce. Layi ɗaya ne ku duka kuke kai, duk motocin sintiri da masu shinge da caji ofis, kamar rijiya ce mai guga ɗaya, in gugan na hannunka kowa sai ya tsaya. Muddin yatsanka na kan maɓallin nan ba mai iya shigowa a ji shi da kyau, kai kanka ma ba ka jin komai sai ka saki. To ka ɗauka kana ta zuba bayanin yadda mai adaidaita ya yi maka gardama har na minti ɗaya, a daidai lokacin kuma an buɗe wa wasu abokan aikinka wuta a wani shingen suna ta danna nasu maɓallin layi ya ƙi buɗewa, wallahi minti ɗaya a wannan halin ya isa a rasa rai. Wannan tsoron ne kullum a zuciyar mai kwantrol, shi ya sa kake ganin kamar ba shi da haƙuri.

Na san abin da ya fi yi wa Bahaushe wuya shi ne gaisuwa. An tarbiyyantar da mu ba ka fara magana da babba sai ka ce ina kwana yallabai, ya aiki, ya iyali, an tashi lafiya. Ni ma da na fara sai da harshena ya yi ta nauyi. Amma a kan layi barin gaisuwar shi ne ladabi, ka ajiye ta sai kun haɗu a ofis ka gaishe shi har da rusunawa.

Ga yadda ake yi. Kafin ka taɓa maɓalli ka ɗan saurara ka ji ko wani na magana, sannan ka shirya abin da za ka faɗa a kanka tukuna, ba sai ka danna ba ka fara eh to, wato, dama. In ka danna kar ka yi magana nan take, ka ja numfashi ɗaya, domin na'urar da rifitar da ke cilla muryarka nesa suna ɗan ɗaukar lokaci kafin su kama, in ka yi gaggawa kalmar farko ta tafi, kuma galibi kalmar farkon ita ce sunan wanda kake kira. Wannan matsalar tsohuwa ce. Lambobin nan da 'yan sandan Amurka ke faɗa irin su 10-4, wani jami'in sadarwa na 'yan sandan jihar Ilinoi mai suna Charles Hopper ake danganta wa ƙirƙiro su wajen 1937, kuma dalilin sa 10 a gaba shi ne rediyon lokacin sai ta ɗan ɗauki lokaci ta kai cikakken ƙarfinta kafin ta ɗauki murya, in goman ta ɓace lambar da ke ɗauke da saƙon ta tsira. Sai ka fara da wanda kake nema sannan kai, misali kwantrol, Delta Biyu ne, oba. Ka yi shiru sai ya ce ka ci gaba. Sunan kira ake amfani da shi, ba a cewa Oga wane ko Saje wane.

Da ya ba ka hanya abu na farko da zai fito daga bakinka shi ne inda kake. Wannan nake so ka riƙe fiye da komai. Mai kwantrol yana cikin ɗaki ne ba ya ganin titi, in ka fara da labari aka yi rashin sa'a batir ya mutu ko aka far maka a tsakiyar magana, ya san akwai matsala amma bai san inda zai tura ɗauki ba, in kuwa wurin ka fara faɗa ko da shi kaɗai ya ji mota za ta taso. Bayan wuri sai abin da ke faruwa, sai abin da kake bukata, ƙarin mutane ne ko motar asibiti ko 'yan kwana-kwana, shi kenan ka ce oba. Kuma ka faɗi wurin cikakke. A Kano kaɗai ka duba, Rijiyar Lemo tana hanyar Katsina, Rijiyar Zaki tana ta wajen hanyar Gwarzo, in ka saki maɓalli da wuri aka ji Rijiyar kawai to ina za a nufa? Haka Tudun Wada da Tudun Murtala da Tudun Maliki. Kusa da gidan mai ba kwatance ba ne, gidan mai nawa ne a titin. In mota kuke bi ka faɗi titin da inda ta dosa, kuma duk kwanar da aka sha ka sake faɗa.

Lambar mota kuma a nan sababbi ke yawan zubar da aiki. B da D da T da P duk ɗaya suke fita a cikin shuuu ɗin rediyo, haka M da N. Shi ya sa ake da haruffan nan na Alfa, Birabo, Cali, Delta har zuwa Zulu, waɗanda hukumar jiragen sama ta duniya ta tsayar a 1956 sojoji da 'yan sanda suka ɗauka. Lamba ta fara da KMC sai ka ce Kilo, Maik, Cali. Ka haddace su kamar karatun allo, kar ka tsaya ƙirƙirar naka a tsakiyar tashin hankali. Alƙaluma kuma ɗaya-ɗaya ake faɗa, kar ka ce ɗari biyar da sittin da biyu, ka ce biyar, shida, biyu, kuma ka lura biyu da biyar farkonsu ɗaya ne, in Hausa kuke yi ka fito da ƙarshen kalmar sosai. Da turanci ma 15 da 50 sun sha rikita mutane.

'Yan kalmomin layin ba su da yawa amma kowacce da aikinta. Oba na nufin na gama, ina jiran amsarka. Awut na nufin magana ta ƙare ba na jiran komai, saboda haka haɗa su biyun da ake yi a fim kuskure ne. Roja na nufin na ji saƙonka, ba ta nufin eh, ba ta kuma nufin zan yi, kuma don Allah kar ka ce roja alhali ba ka ji ba saboda kunyar a ce ka cika tambaya, ka ce a sake faɗa. In an ba ka umarni mai ɗauke da wuri ko lamba ko lokaci ka maimaita masa abin da ka ji, a nan ne ake kama kuskure tun bai yi nisa ba. Masu jirgin sama da jini suka koyi wannan. A watan Maris na 1977 a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya jirage biyu manya suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu, kuma cikin dalilan akwai cewa mai hasumiyar da ke ba jirage umarni da matuƙan ɗaya jirgin sun yi magana lokaci guda, muryoyin suka haɗu suka zama ƙara, wanda ke shirin tashi bai ji an ce ya dakata ba, bai kuma ji cewa ɗayan yana kan titin ba. Irin ƙarar nan da kake ji in mutum biyu sun danna tare, ita ce.

Sai abin da ya fi damuna, wanda ba na'ura ke jawo shi ba. Ka faɗi abin da idonka ya gani, ka raba shi da abin da kake zato da abin da aka gaya maka. Na ga mutum uku a kan babur ɗaya na riƙe da abu dogo a buhu daban yake da 'yan bindiga sun shigo gari. Na farkon rahoto ne, na biyun hukunci ne ka yanke, kuma duk wanda ya ji shi a layi zai taho da yatsa a kan kunamar bindiga. A Landan ranar 22 ga Yulin 2005 'yan sanda suka harbe wani ɗan Birazil mai aikin lantarki a tashar jirgin ƙasa ta Stockwell bisa zaton ɗan ƙunar baƙin wake ne, masu bin sawunsa ba su tabbatar shi ne wanda ake nema ba, amma kafin maganar ta kai ga masu bindiga sun ɗauka an tabbatar. Magana zarar bunu ce ɗana, balle wadda motoci goma suka ji a lokaci ɗaya. In ba ka tabbatar ba ka ce ban tabbatar ba, mai kwantrol ya rubuta haka.

Ka kuma sani ba ku kaɗai ke saurare ba. Rediyon da ba a kulle muryarta ba duk mai irin na'urar da ya dace da mitar zai ji, ga kuma wadda ta ɓata ko aka ƙwace. Sunan wanda ya tsegunta muku labari, sunan yarinyar da aka yi wa fyaɗe, ƙarfe nawa za a kai samame, waɗannan ba sa hawa layi. Amma kar wannan ya sa ka cika magana da lambobin sirri na burga. Amurkawan da suka ƙirƙiro su ma da guguwar Katrina ta zo a 2005 rundunoni daban-daban suka taru sai aka ga lamba ɗaya kowa da fassararsa, daga 2006 gwamnatinsu ta ce in aikin haɗin gwiwa ne a yi magana a fili. Kai ma ranar da kuka fita da sojoji ko sibil difens haka za ka yi.

Batun waya, tana da wurinta, irin bayanan sirrin can da dogon bayani ta nan ya kamata su bi. Sai dai waya mutum ɗaya take kai wa saƙo bayan ka nemo lamba ta yi ta ringin, oba-oba kuwa dannawa ɗaya kowa ya ji, motar da ta fi kusa da kai ta juyo tun kwantrol bai gama rubutu ba. Kuma abin da ya bi ta kwantrol yana shiga littafi da lokacinsa, ranar da aka tsayar da kai gaban bincike wannan littafin ne shaidarka, kiran da ka yi wa abokinka ba wanda ya rubuta abin da kuka ce. Sannan ka tuna a 2013 an kashe sabis a Borno da Yobe da Adamawa, a Satumbar 2021 an kashe a Zamfara, duk wanda ya dogara da waya kaɗai a lokacin ya zama kurma.

Dogon bayanin da kake tsoron a ce ka ɓoye, wurinsa rahoton da za ka rubuta in ka dawo. A layi ka riƙe na'urar a tsaye eriya sama, tazarar kamar yatsu uku daga bakinka, ka yi magana da muryarka ta kullum don ihu fasa sautin yake yi, ka duba batir ka gwada layi kafin ku fita, kuma ka kula kar ka zauna a kan maɓallin a mota, an sha toshe layi gaba ɗaya ana jin hirar mutane su ba su sani ba. In ka samu dama ka roƙi oganka ya bar ka ka kwana ɗaya a ɗakin kwantrol kana saurare, ka ɗauki biro ka gwada rubuta saƙonnin da ke shigowa da kanka.