Kar ka yi odar kifin nan tukuna: amsa kan tankin ruwan gishiri a Gombe

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya da daddare, cewa ka sayi tankin gilas mai cin lita 100, ka cika shi da ruwan bohol ka zuba gishirin girki, yau kwana biyar ruwan ya kwanta tas, ko za ka iya yin odar kifi da murjani mai rai, wato halittar nan ta teku mai kama da tsiro, daga Legas cikin satin nan. Don Allah dakata, kar ka tura wa kowa kuɗi tukuna. Ni ma nan Gombe nake, wajen Tumfure, shekarata huɗu kenan ina harkar, kuma abinda kake shirin yi shi na yi a farko, kifi biyu na saka a kwana na tara, kafin kwana uku duk sun mutu, ina kallo suna haki a saman ruwa ban san me zan musu ba. Wallahi har yau abin na raina.

Farko dai ruwan nan sai ka zubar, kayi haƙuri. Gishirin miya ba shi bane ruwan teku, shi sodiyom kulorayid ne kawai da ɗan aidin, ruwan teku kuwa akwai magniziyom da kalsiyom da fotasiyom da su kabonet a ciki, kuma da waɗannan ne murjani ke gina ƙashinsa. Akwai gishirin da ake haɗawa musamman domin wannan, irinsu Instant Ocean ko Red Sea ko Tropic Marin, kusan giram 35 zuwa 38 ake sawa a kowace lita, kaga tankinka zai ci wajen kilo uku da rabi ko sama. Kuma ba da harshe ake gwadawa ba, ka nemi rifiraktomita, wani ɗan abu ne kamar tocila da ake ɗiga ruwa a kai a leƙa, ka tabbatar ya nuna 1.025 ko 1.026.

Sai ruwan kansa. Na bohol da na famfo da na ƴan garuwa duk ka manta da su, mu muna sha lafiya lau amma akwai sinadarai irinsu silika da fosfet da wani lokacin naitiret ko ƙarafa a ciki, na famfo kuma ga kulorin. Ruwan da aka tace da injin RO ake so, wato injin da ke matsa ruwa ta cikin wata matata mai laushi sosai ya cire sinadaran da suka narke a ciki. Ni da farko jarkoki nake kaiwa wurin masu yin fiyawata ina roƙon su ɗibar min daga bakin injin, amma ba kowane ke da RO na gaskiya ba, saboda haka ka sayi mitar TDS mai auna yawan abubuwan da suka narke a ruwa, ba ta da tsada, in ka tsoma ta nuna sifili ko kusa da shi toh shikenan. Daga baya na haɗa ƙaramin injina a gida na huta.

Yanzu ga inda nake so ka natsu sosai. Ruwa ya yi garau ba yana nufin ya nuna ba. Kifi na fitar da amoniya ta wurin numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma in ya ruɓe amoniya yake zama, ita kuwa guba ce, kaɗan ɗinta ke ƙona wa kifi matatar numfashi. A teku ko a dam ɗin Dadin Kowa ruwan da yawa kuma akwai masu cinye ta, amma cikin sabon gilas babu kowa. Sai ka raini wasu bakteriya da ke zama jikin dutse da yashi, kashi na farko su mai da amoniya ta koma naitirayit, kashi na biyu su mai da naitirayit ta koma naitiret wadda ita da sauƙi, da canjin ruwa ake rage ta. Wannan rainon shi ne duk aikin, kuma yakan ɗauki sati huɗu zuwa shida, wani ma ya wuce, ba yanda za ka yi ka gaggauta shi da ido.

Yanda na yi a karo na biyu: na shimfiɗa yashin aragonayit, wato yashin teku mai kalsiyom da ake sayarwa don irin wannan tanki, na jera busasshen dutsen teku mai ramuka wajen kilo 10, kar ka ɗebo dutsen gefen hanya ko yashin kwari don ba ka san abinda ke ciki ba. Na kunna famfon da ke juya ruwa, fitila kuwa a kashe na barta. Sai na jefa ɗan yankan ɗanyen kifi kamar kan yatsa a cikin raga, ya ruɓe a ciki, ɗakin ya ɗan yi ƙarni na kwana biyu uku har uwargida ta yi magana. In ka samu amoniyar kwalba ta masu kiwon kifi ta fi tsafta, ka ɗiga har kayan gwajin ruwa su nuna 2 ppm, wato miligiram 2 a kowace lita. Duk bayan kwana biyu nake gwadawa ina rubutawa a littafi. Satin farko amoniya ta hau, cikin na biyu ta fara sauka naitirayit ta tashi, ita ce ta daɗe ta ƙi sauka har na fara tunanin ko kayan gwajin ne suka lalace, sai a sati na biyar na wayi gari ta koma sifili naitiret ta bayyana. Alamar gamawa ita ce ka sake sa amoniya ta kai 2 ppm, bayan awa 24 ka ga ita da naitirayit duk sifili. A nan ne za ka canza kamar kashi ɗaya cikin uku na ruwan. Bakteriyar kwalba da ake sayarwa tana taimakawa, sai dai in ta kwana biyu a bayan mota cikin rana daga Legas ba lallai ta iso da rai ba, saboda haka ko ka zuba ta kar ka fasa gwaji.

Bayan nan za ka ga wani abu ruwan ƙasa kamar tsatsa ya rufe yashi da gilas, kar hankalinka ya tashi, dayatom ne, wasu ƙananan halittu dangin gansakuka, silika suke ci, in ta ƙare da kansu suke tafiya.

Amma gaskiya abinda turawan YouTube ba za su gaya maka ba shi ne zafi da wuta, don su hita ce damuwarsu. Murjani na son ruwa tsakanin digiri 24 da 26, in ya daɗe sama da 29 ko 30 sai ya kori ƴan tsirran da ke zaune cikin namansa suna ciyar da shi, ya yi fari fat ya mutu. Mu kuwa ka san Maris da Afrilu a garin nan, digiri 40 ba labari bane. Ni ɗaki mafi sanyi na kai tankin nesa da taga, na ɗaura ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, tana sauke min digiri biyu zuwa uku, dabarar randa ce dai, da yake iskarmu busasshiya ce tana aiki sosai. Ranar da abin ya yi tsanani sai in jefa gorar ruwa mai ƙanƙara a rufe. Sai dai fanka na shan ruwa, balle da hunturu, kuma ka riƙe wannan da kyau: ruwa ne ke tashi gishiri na nan, saboda haka da ruwan RO zalla ake cikowa kullum ba na gishiri ba, ka sa alamar inda ruwan ya tsaya da alƙalamin maka a jikin gilas. Da sanyin Disamba da Janairu kuma ƙaramar hita na da amfani da asuba.

Wuta kuwa in ba ka da sola ko inbata da za su riƙe famfo dare da rana, ka fara da wannan kafin kifi. Ruwan gishiri bai riƙe iska kamar ruwan daɗi, in ya ɗumama kuma iskar ta ƙara raguwa, famfo ya tsaya na wasu awanni kifi zai galabaita, bakteriyar da ka sha wahalar raino ma iskar suke buƙata. Famfon bai cin wuta sosai, ni layinsa daban na ja masa daga batir, kuma ina da ɗan injin iska mai batir a ajiye.

Wani abu da ya kusa cinye ni a shekara ta biyu: maganin sauro. Fiya-fiya, na fesawa, na kunnawa, har turaren wuta, duk kar a yi su a ɗakin, ka gaya wa mutan gida tun yanzu. Haka hannu mai sabulu ko mai, da duk wani abu na tagulla, ita tana kashe murjani da dodon koɗi.

In komai ya daidaita ka fara da kifi biyu kacal, irin mai ruwan lemu da ratsin fari uku ɗin nan da ake kira oselaris, wanda aka ƙyanƙyashe a tanki ya fi juriya. Ta jirgi za a turo maka zuwa filin jirgin saman Gombe da ke Lawanti, ban ba ka shawarar mota ba, kuma ka guji watannin zafi. Murjani ka ba shi wata biyu ko uku, ka fara da masu laushi irin mai kama da lema, masu ƙashin nan sai ka iya riƙe kalsiyom a 400 zuwa 450 ppm da alkaliniti, wato ƙarfin kabonet ɗin ruwan, tsakanin 8 da 9 a ma'aunin dKH ba tare da yana hawa da sauka ba. In ka sayi irin murjani mai laushi da ake kira zowa (zoanthid) ka sa safar hannu ka kare idonka, wasunsu na da dafi mai haɗari, kuma kar a taɓa tafasa dutsen da suke kai.

Ka fara nemo gishirin da mitar TDS da kayan gwajin nan uku, na amoniya da naitirayit da naitiret. In ka haɗa ruwan ka yi min magana, zan ciro maka ɗan dutse ɗaya daga tankina ka ɗauka cikin bokiti da ruwansa, a jiƙe za ka kai shi kar ya bushe a hanya, zai rage maka kwanaki.