Inshorar tafiyar jirgin ruwa idan Hajiya ba ta da lafiya

Malam Allah ya ba Hajiya lafiya. Ka ce ka biya kuɗin yawon jirgin ruwa daga Durban ta Afirka ta Kudu, ga mahaifiyarka an kwantar da ita a nan Legas, shin inshora za ta mayar maka da kuɗinka in ka fasa?

Magana ta gaskiya komai ya dogara ga ranar da ka sayi inshorar. In ciwon ya zo kwatsam bayan ka saya, galibi kamfanonin inshora suna biya, amma sai likitan da ke dubata ya cike masu fom ya sa hannu da hatimin asibiti. In kuwa dama tana fama da shi, irin hawan jini ko suga da take shan magani tun tuni, to nan fa suke zillewa, sai su ce ai ka san da ciwon kafin ka saya, shikenan.

Duba takardar inshorar kuma ka ga wa suke kira ɗan'uwa na kusa, uwa dai tana ciki, amma goggo ko kishiyar uwa da ta raine ka ba lallai ba, su ba ruwansu da irin zumuncinmu.

Kuma kar ka rikita ta da inshorar bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai, waccan ta Yuro 30,000 kuɗin asibitinka ne kai matafiyi. Ka kira kamfanin jirgin yau ɗin nan, don kullum ranar tashi na matsowa abin da suke yankewa ƙaruwa yake, satin ƙarshe ko kwabo ba ka samu. Tambaye su ko za su ɗaga maka ranar.