Filin Tambaya da Amsa: Yadda Za a Taimaki Gidajen Unguwa Ba Tare da Tona Asirinsu Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mu matasa ne goma sha biyu a wata unguwa cikin birnin Zariya, wasunmu 'yan kasuwa ne, wasu malaman makaranta, biyu kuma masu tuƙa adaidaita sahu. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 muke ganin gidajen da a da ake ɗora tukunya sau uku sun koma sau ɗaya. A azumin da ya wuce muka yi karo-karo muka sayi gero da shinkafa da sukari, muka sanar a masallaci cewa za a yi rabo. Ranar rabon jama'a suka cika layi har daga wasu unguwanni, aka yi ta turereniya, wata dattijuwa ta faɗi ta ji ciwo, gidajen da muka yi abin dominsu kuwa ko mutum ɗaya bai zo ba. Daga baya ma aka riƙa cewa mun ci kuɗin. Shin mu yi wa ƙungiyar rajista mu ci gaba, ko mu haƙura kowa ya yi sadakarsa shi kaɗai?
Daga wani mai karatu a Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka muku da alheri, ya kuma ba wa baiwar Allah da ta faɗi lafiya. Kada ku haƙura, domin niyyarku ba ta da laifi, hanyar rabon ce ke buƙatar gyara. Ku gode wa Allah da abin ya tsaya a rauni. A watan Maris na 2024 an rasa rayuka a Bauchi, yawancinsu mata, a turmutsutsun karɓar zakka, a watan Disambar shekarar kuma yara 35 suka rasu a Ibadan wajen wani taron rabon kyauta, sannan cikin 'yan kwanaki aka sake yin irinsa a Okija ta Jihar Anambra da kuma Abuja. Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ta nuna mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kuma mafi yawansu a Arewa suke. A irin wannan hali, duk wanda ya yi shelar rabon abinci a bainar jama'a ya kira taron da ba shi da ƙarfin riƙewa.

Rashin zuwan waɗanda kuka nufa shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarka, kuma bai ba ni mamaki ba. Alƙur'ani ya siffanta irinsu a aya ta 273 ta Suratul Baƙara, inda ya ce wanda bai sani ba zai ɗauka mawadata ne saboda kamun kansu. Magidancin da ya yi shekara ashirin yana ciyar da iyalinsa da guminsa, ko matar da mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar, za su gwammace su kwana da yunwa da a ce maƙwabta sun gan su a layi da buhu a hannu. Saboda haka aikinku na farko ba sayen hatsi ba ne, nemo gidajen ne, kuma masu sanin gidajen suna nan kusa da ku. Mai injin niƙa ya san gidan da ya daina kawo niƙa. Mai kantin unguwa yana da littafin bashi, ya san wanda a da yake auna kwano biyu yanzu ya koma sayen gwangwani ɗaya. Malamin makarantar allo ya san yaron da ya daina zuwa ranar Laraba don babu abin da zai kai, ungozoma da mai kitso kuwa suna shiga har ɗaka, inda namiji ba ya isa. Ku haɗa abin da waɗannan suka faɗa da shawarar mai unguwa da liman, ku rubuta sunayen a littafi guda wanda mutum uku kawai za su riƙa gani.

Na taɓa raka wata 'yar'uwata kai abinci wani gida bayan sallar isha'i. Muka tarar da tsakar gida an share tas, tukwane a kife an wanke su, murhu kuwa babu ko toka mai ɗumi. Matar gidan ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa a kofin silba, tana ta ba mu haƙuri wai yau ba ta yi girki da wuri ba. 'Yar'uwata ba ta ce mata komai a kan yunwa ba, cewa ta yi tsaraba ce aka kawo daga ƙauye ta ga ya kamata a ɗanɗana. Matar ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya irin ta tsaraba, babu wanda ya sunkuyar da kai. Haka nake so ku yi: mace ta kai wa mace, da dare, a cikin leda ko kwandon da ba ya ɗauke da sunan ƙungiya. Inda kai kaya zai jawo ido, ku je wurin mai kanti ku biya bashin gidan a asirce. Ɗaukar hoton mai karɓa a sa a Facebook kuwa ku yi masa katanga tun yanzu, ko da mai ba da kuɗi ne ya nema, domin yaron da ke cikin hoton zai girma, hoton kuma ba zai goge ba.

Ku kuma rage buri. Gida goma da za ku riƙe wata-wata har shekara ta zagayo sun fi gida ɗari biyu da za su samu kwano ɗaya a azumi a manta da su, alhali wahala ta fi tsanani a tsakiyar damina, lokacin da hatsin bara ya ƙare na bana bai nuna ba. Ku sayi gero da masara da wake da kaka, sa'ad da farashi ya sauka, ku adana waken a buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ƙwari ba sa rayuwa a cikinsa. Wannan haɗa hannu ba baƙon abu ba ne a wurinmu, da gayya ake nome gonar marar lafiya, kuma Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yabi Ash'ariyyawa, wata ƙabila daga cikin sahabbansa, saboda idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai.

Zargin cin kuɗi ba ya ƙarewa da rantsuwa, da lissafi yake ƙarewa. Kada kuɗin jama'a ya shiga asusun mutum ɗaya komai amanarsa, kada kuma ma'aji ya zama shi ne mai sayayya. Kowane ƙarshen wata ku manna takarda a ƙofar masallaci mai nuna nawa ya shigo, nawa aka kashe, buhu nawa aka saya kuma a kan nawa, gida nawa suka amfana, ba tare da sunan ko gida ɗaya ba. Game da rajista, shawarata ku fara da sanin mai unguwa da ofishin ƙaramar hukuma, ku yi shekara guda kuna aiki. Idan abin ya zauna, sai ku nufi hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, wato CAC, ku yi rajistar amintattu a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, wadda ke buƙatar kundin tsarin ƙungiya da sanarwa a jaridu da jiran kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Da wannan takarda ce za ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, mai sa hannun mutum biyu ko uku.

TAMBAYA: Ni matar aure ce, na yi karatun kiwon lafiyar al'umma amma ban samu aiki ba, kuma abin da maigidana ke samu da ƙyar yake isarmu. Matan unguwarmu sun kafa ƙungiyar taimakon marayu, sai dai ina jin nauyin shiga tunda ba ni da abin zubi. Akwai amfanin da zan yi musu?
Daga wata mai karatu a Katsina

AMSA: Malama, da iznin maigidanki ki shiga gobe, domin abin da ke hannunki ya fi zubin wata tsada. Katsina na cikin jihohin da tamowa ta fi addabar yara, kuma yawancin iyaye ba sa gane ta sai ƙafafun yaro sun kumbura ko gashinsa ya yi ja ya fara zuba. Ke kin san awon damtse: igiyar awo mai launi uku, wadda idan ta nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5 a yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, to ba maganar jiƙe-jiƙe ba ce, asibiti za a tafi a ranar. Idan kika bi gidajen marayun nan sau ɗaya a wata kina wannan awo, kina duba katin rigakafi, kina koya wa iyaye haɗa garin kunu na gero da waken soya da gyaɗa, kin yi abin da buhun shinkafa ba zai yi ba. Wata uwar ma abin da ke hana ta zuwa asibiti shi ne tsoron layi da takardun da ba ta iya karantawa, rakiya kawai take so.

Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, da yawa daga waɗanda suka tsaya a kan manyan tukwane suna dafa wa waɗanda suka rasa muhalli abinci ba su ne suka sayi shinkafar ba, ƙarfinsu da lokacinsu suka bayar. Abu ɗaya zan ja hankalinki a kai: ki ɗauki abin da za ki iya dawwama a kansa, ko da yini ɗaya ne a mako, kuma abin da kika gani a gidan mutane ya tsaya a cikinki, ko a taron ƙungiya kada ki kama suna sai da larura.

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Ya halatta in miƙa zakkata ga ƙungiyar unguwa ta raba mini?
Daga wani mai karatu a Kano

AMSA: Alhaji, wakilta amintacce ya isar da zakka ga masu haƙƙi ya halatta, amma da sharaɗin ka tabbata sun san bambancinta da sadaka. Zakkar dukiya ɗaya bisa arba'in ce, wato kashi 2.5 cikin ɗari, idan dukiyar ta kai nisabi, kimanin giram 85 na zinare, kuma shekara ta zagayo mata. Masu cin ta rukuni takwas ne da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, saboda haka a wurin jumhurun malamai ba a gina ofis ko a gyara kwalbati da ita. Ka tambaye su ko suna da littafi dabam na zakka, ka kuma nemi su ba ka lissafin gidajen da ta shiga. Idan za ka ji shawarata, ka ce a ba mutum kaɗan abin da zai zama jari, kamar keken ɗinki ko injin markaɗe, maimakon a yayyafa ta ga ɗaruruwa. In kuwa zuciyarka ba ta natsu da ƙungiyar ba, Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, kana iya kai musu, ko ka fara da danginka mabuƙata waɗanda ciyar da su bai wajaba a kanka ba.