Wane gam zan shafa wa tiyon bakyum ya daina shan iska?

Tambaya: Salam oga, barka da aiki. Ina da Corolla 2006, kwana biyun nan in na tashe ta da safe sai ta riƙa kakkarwa a silo kamar za ta mutu, wutar cek inji ma ta kawo. An sa mata kwamfuta ta nuna lambar P0171, wai iska ta fi mai yawa a injin. Bakaniken da nake kai wa ya ce iska take sha ta bakin wani ɗan siririn tiyo da ke jikin manifol, wato bututun da ke raba wa inji iska, sai ya shafe wajen da jan gam na gasket ya naɗe da baƙin tef. Sati biyu lafiya lau, yanzu abin ya dawo. Wani ya ce in sa sufa gulu, wani ya ce aradait. Don Allah wane gam ne mafi ƙarfi da zai riƙe wajen har abada?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Zan ba ka amsar da ba ita kake son ji ba, a bakin tiyon bakyum ba a sa gam, ko wane iri ne. Robar tiyon ita ce gam ɗin kanta, in ta daina kamawa to ta mutu ne, sai dai a yanke bakin ko a canza. Akwai wurin da gam ke da aiki a wannan layin kuma zan zo kansa, amma ba nan ba ne.

Bari in fara da dalili don kar ka ga kamar son zuciya ne. Tiyon ruwa ko na mai turo abu yake waje, shi ya sa in ya fashe kake ganin ɗiga a ƙasa. Shi kuwa tiyon bakyum zuƙa yake, injin na jan iska ta cikinsa kamar yadda yaro ke zuƙar lemo da tsinke. To duk abin da ka shafa a bakinsa yana da laushi ina kake jin zai tafi? Ciki zai shige, ya bi manifol ya faɗa inda wuta ke ci. Jan gam ɗin nan silikon ne, in ya ƙone yakan koma farin gari kamar toka, garin ya bi salansa ya je ya lulluɓe kan sensar oksijin, wadda ke auna hayaƙin da ke fita. Na sha ciro sensa in ga kanta fari fat kamar an barbaɗa mata alli, mai motar yana rantsuwa bai daɗe da canza ta ba, sai na duba manifol in tarar an yi masa kwalliya da gam ta ko'ina. Kaga an je gyaran tiyon da bai kai kuɗin faranti ɗaya na shinkafa ba an kashe sensa, in abin ya daɗe har indomin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi a ciki, sai ya ji a jikinsa. Kuma shi silikon irin na gasket ba ya shiri da fetur, tururin fetur na taɓa shi yake laushi ya saki, ga bakin tiyon dama da maiƙo, to da me zai kama? Sati biyun da ka samu ma tef ɗin ne ya yi maka ƙoƙari kafin zafi ya narkar da danƙonsa.

Sufa gulu kuma ƙandarewa yake kamar gilashi, injin yana girgiza yana zafi yana sanyi, ba zai kai ko'ina ba zai tsage, ranar da za ka cire tiyon kuma sai ya taho da ɗan hancin robar da ke jikin manifol ɗin, daga nan ka shiga sabon kashe kuɗi. Aradait ma haka.

Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne ƙarfin da ke wajen ba wani mai yawa ba ne. Lafiyayyen inji a silo yana jan wajen inci 17 zuwa 21 a agogon awon bakyum, kuma komai tsananin zuƙa ba za ta kai ƙarfin iskar duniya ba, wato psi 14.7, alhali tayarka ma wajen 30 zuwa 32 kake ba ta. Tiyo mai rai wanda girmansa ya yi daidai ko kilif bai cika buƙata ba, zuƙar ma ƙara manna shi take. Matsalar ita ce zafin ƙarƙashin bonet, ka haɗa da ranar watan Afrilu a garuruwanmu, shekara kusan ashirin roba na gasuwa a wajen, sai ta bushe ta yi tauri bakinta ya buɗe ya ƙi komawa. Ka matsa shi da yatsa, in ka ji kamar busasshen kara ko ka lanƙwasa ka ga ƙananan tsaga, magana ta ƙare.

Saboda haka zaɓin da ke gabanka na roba ne, kuma a nan ne ya kamata ka ɓata lokacinka domin ba duk baƙar roba ce ɗaya ba. Akwai EPDM, ita ce yawancin ƙananan tiyon bakyum na kamfani, tana jure zafi da rana sosai amma in mai ko fetur ya jiƙa ta kumbura take ta yi laɓo-laɓo. Akwai NBR, irin ta tiyon fetur, ita mai ba ya damunta sai dai ta fi saurin tsagewa da zafi da tsufa. Akwai tiyon silikon, mai launi ɗin nan shuɗi ko ja da samari ke so, yana jure zafi har wajen digiri 200 kuma ba ya bushewa, ni kaina ina son sa a layin da iska zalla ke bi, amma kar ka kuskura ka sa shi a layin PCV da ke kwaso tururin baƙin mai daga kan inji, ko layin da ke ɗauko tururin fetur daga tanki, zai jiƙe ya yi gumi ya sulluɓe. Waɗannan biyun tiyon fetur za ka sa musu. Sai Viton, ita ta haɗa jure mai da jure zafi duka, tsada ce matsalarta kuma ba ko'ina ake samu ba, an fi ganinta a ƙananan zobban roba. Abin da na roƙe ka kar ka yarda a sa maka shi ne farar robar nan mai garai-garai ta magina ko robar ƙarin ruwa ta asibiti, wallahi na gani da idona a mota fiye da sau ɗaya, da injin ya ɗau zafi sai ta lanƙwashe ta manne ta toshe layin gaba ɗaya.

Girma kuma ya fi komai. Ka yanko guntun tsohon ka tafi da shi kasuwa, Ƙofar Ruwa ne ko Panteka ko duk inda ya fi maka kusa, amma ka auna da tsakiyar tiyon ba bakin da ya buɗe ba. Ƙananan yawanci milimita 3 zuwa 5 ne a ciki, kuma ana so ramin ya ɗan fi hancin da za a cusa shi ƙanƙanta, ya zama sai ka yi ɗan nishi kafin ya shiga. In ya shige salin alin to ya yi yawa. Ka tsoma bakin a ruwan zafi minti ɗaya ko ka shafa ɗan ruwan sabulu, kar ka sa giris ko baƙin mai. Wajen cire tsohon kuma kar ka fizga, ka tsaga shi a tsaye da reza ka ɓare, domin manifol ɗin wannan Corolla ɗin roba ce ba ƙarfe ba kuma ta tsufa ita ma. In tiyon na da sauran rai kuma yana da tsawo, yanke kamar santimita 1 daga bakin ka mayar ya wadatar. In kana son kwanciyar hankali ka ƙara kilif mai sifirin ko ɗan siririn kebul tai, shi kilif mai sukuru ya fi ƙarfin ƙaramin tiyo, yakan yanka shi ko ya murƙushe hancin.

Babban tiyon da ya tafi tulun birki, wato tulun da ke ƙara wa birki ƙarfi, shi daban ne, mai kauri ne da zare a cikinsa don kar ya lotse, yana da bawul da robar da ke riƙe bawul ɗin a jikin tulun. Wannan ba a yi masa faci ba a yi masa dabara, a sayo irinsa. Gwajinsa mai sauƙi ne, ka kashe mota ka taka birki sau huɗu ko biyar har ya yi tauri, ka riƙe ƙafarka a kai ka tayar, in ya ɗan nutse ƙasa to lafiya, in ya tsaya ƙiƙam kar ka hau titi da ita.

To ina gam ke aiki? A kan tiredi, wato inda aka ɗaura ɗan bakin tagulla ko na ƙarfe a cikin manifol na alminiyam, kamar a tsofaffin motoci masu kafireto ko in an ƙara agogo. Nan za ka iya sa farin tef na masu gyaran famfo zagaye 2 ko 3, ka naɗe ta ɓangaren da ake ɗaurewa kuma ka bar tiredi biyun farko tsirara don kar guntu ya faɗa ciki. Ni na fi son mai ruwa-ruwa irin Loctite 565 ko 567, ko makamancinsa na Permatex, shi ba ya daskarewa sai ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe inda babu iska, amma fa kar ya taɓa roba mai tauri don yana iya tsaga ta. In kuma dole ta sa sai an sa silikon a wani lungu, ka buɗe ka sansana, in ka ji warin tsami kamar khal ka ajiye, ka nemi wanda aka rubuta “sensor safe” a jikinsa, shafa siririya, kuma a bar shi awa 24 kafin a tayar. Launi ba shi ne hujja ba, rubutun jiki za ka bi. Shi aradait wuri ɗaya na yarda da shi, in hancin roba ya karye aka zura guntun bututun tagulla aka ɗaure shi daga waje, shi ma na ɗan lokaci ne.

Yanzu abin da nake zargi a motarka, kuma ka gaya wa bakanikenka cikin ladabi kar ya ji haushi. Ka ce da safe ta fi yi. Wannan injin 1ZZ na Corolla 2003 zuwa 2008 an san shi da mutuwar gasket ɗin manifol, baƙar robar asali takan baje ta yi tauri, da sanyin safiya musamman lokacin hunturu sai ta tsuke iska ta samu hanya, in injin ya ɗumi ta ɗan kumbura ta toshe, shi ya sa da rana kake jin kamar ta warke. Sabon da Toyota ta fitar mai ruwan lemo ne, kuma a bushe ake sa shi ba gam, a ɗaure notunan kaɗan-kaɗan daga tsakiya zuwa gefe. Mai yiyuwa tiyon da aka shafe da gam ba shi ne ɓarawon ba ma.

Kafin a sayi komai a tabbatar. Wanda ya sa maka kwamfuta ya duba adadin man da biren bokis, wato kwamfutar motar, ke ƙarawa, in ya haura kashi 10 a silo amma da an taka totur juyin inji ya kai 2500 a minti sai ya sauko, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. In kuma ƙaruwa yake da an taka, to a duba sensar iska da ke bayan iyakilina, wato matatar iska, ƙurar hunturu na ɓata ta, ko famfon mai. Ruwan sabulu ba zai nuna maka kumfa ba a nan tunda zuƙa ake ba hurawa ba. Ka samu guntun tiyo ka kara ɗaya bakin a kunne kana bin layin da ɗayan, za ka ji tsiii inda take sha, ko ka fesa ruwa a gefen gasket ɗin da sassafe injin na silo ka saurari ko muryarsa za ta canza. Masu fesa fetur ko abin wanke kafireto suna ganowa da sauri amma na ga girar yaro ta ƙone a kan haka, ni na hana a garejina. In akwai mai injin da ke hura hayaƙi cikin layin kusa da kai shi ya fi duka, minti biyar za ka ga hayaƙin na tsattsafowa.

Jan gam ɗin da ke wajen yanzu a kankare shi tas, a zura ɗan tsinke a ramin hancin a tabbata babu guntu a ciki kafin a sa sabon tiyo. Bayan an gama a goge lambar da kwamfuta, ka ba ta safiya uku ko huɗu kana tayarwa da sanyi, in wutar ba ta dawo ba shikenan, in ta dawo ka turo min lambobin da aka karanta a silo da na 2500 mu duba tare.