Iskar taya: lambar jikin ƙofa za ka bi

Malam, ka ce ka kai mota sabis aka buga wa kowace taya 45, alhali takardar jikin ƙofa 32 ta ce, da ka yi magana sai yaron shagon ya nuna maka 51 a jikin taya, ya ce ai ko kusa ba a kai ba. Kana tambayar wa za ka bi. Takardar ƙofa za ka bi.

Lambar jikin taya, wadda ake rubuta MAX a gabanta, iyakar iskar da tayar za ta iya ɗauka ce idan tana sanyi. Kamfanin taya bai san motar da za a ɗaura ta ba. Wanda ya ƙera motar shi ya san nauyinta da yadda ya rabu tsakanin gaba da baya, shi ya sa ya manna takarda a ginshiƙin ƙofar direba. A wasu motocin Turai kuma tana cikin murfin tankin mai. Yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35 PSI suke, wato ma'aunin ƙarfin iskar taya. Idan taka da bar ko kPa aka rubuta, 2.2 bar ko 220 kPa shi ne kusan 32. Ka duba da kyau, wata motar gaba daban baya daban, wata kuma tana da layi na biyu na lokacin da aka cika ta da mutane da kaya.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne lokacin awo. Lambar nan ta taya mai sanyi ce, wato motar da ta yi awa uku a ajiye, ko wadda ba ta yi tafiyar da ta wuce kilomita ɗaya da rabi ba. Da zarar ka hau titi iskar ciki za ta ɗau zafi ta ƙaru da 4 zuwa 6. Wanda ya taso daga Kano a zafin Afrilu ya tsaya Zariya ya ga 37, tayarsa lafiya lau take. Kada ya bari a rage masa. In aka mayar da ita 32 tana da zafi, da safe zai same ta wajen 27. Haka da hunturu, duk saukar ma'aunin zafi da kusan digiri 5 ko 6 tana rage 1 PSI, ga kuma kusan 1 da taya ke zubarwa da kanta duk wata.

Iska in ta yi yawa, tsakiyar taya kaɗai ke taka ƙasa. Nan za ta fara cinyewa, birki ya rage kamawa musamman a jiƙaƙƙen titi, kowane rami kuma ya wuce kai tsaye ga shokazoba da bushin. Amma ƙarancin iska ya fi ban tsoro. Gefen tayar yana lanƙwasa yana miƙewa a kowane juyi, zafi ya taru, roba ta rabu da wayar ciki, shi ne fashewar da ake gani a babban titi. Gefe biyu su cinye, mai kuma ya riƙa tafiya. Don haka kada tsoron 45 ya sa ka koma 25.

Maganar yarda da masu gyara kuwa, ba na ganin yaron nan ha'inci ya yi maka. Abin da ya gani a wurin ogansa yake yi, kuma da yawa daga masu faci sun saba da motocin haya masu lodi, hannunsu ya saba da 45 da 50. Matsala ta biyu gejinsu ne. Gejin da ke faɗuwa ƙasa kullum, ƙura ta shige shi, yana iya yin kuskuren lamba da yawa ba wanda ya sani. Danna taya da yatsa ko bugunta da sifana kuwa ba awo ba ne, tayar zamani mai 22 da mai 32 kusan ɗaya suke a ido.

Ka sayi gejinka, na lambobi ko mai allura, ka ajiye a mota. Da safe kafin ka fita ka kwance murfin bawul, ka danna gejin sosai har ƙarar iska ta ɗauke, ka karanta. Tunda taka ta yi yawa, danna ɗan tsinken tsakiyar bawul kaɗan-kaɗan kana sake aunawa har ta zo 32. Ranar da ta yi ƙasa, ka faɗa wa mai faci lambar tun kafin ya jona tiyo, ka auna da naka a gabansa. In ka iso da taya mai zafi, a sa 4 sama da lambar ƙofa, washegari ka daidaita. Wanda ya san aikinsa ba ya jin haushin wannan. Wanda ya tsaya musu da takardar ƙofa, ni dai ba zan ba shi aikin birki ba.

Tayar da kullum ita kaɗai ke sacewa, a zuba ruwan sabulu a bawul da bakin rim a nemi kumfa, sau da yawa bawul ne ba ƙusa ba. Safaya ma a riƙa aunawa duk wata, in ƙaramar siririyar nan ce 60 take buƙata.